Tausayi Bai Isa Ba: Yadda Kotunan Amurka Suka Koyi Shari'ar Yaran da Aka Zalunta

Ranar 9 ga Afrilun 1874 aka shigo da wata yarinya zauren kotu a birnin Niyok na ƙasar Amurka, naɗe cikin bargon keken doki, domin tsumman da ke jikinta bai kai a kira shi sutura ba. Sunanta Mary Ellen Wilson. Shekararta goma, amma yunwa da kulle sun tsumbure ta, mai ganinta ba zai ce ta kai haka ba ko kusa. Hannuwanta da ƙafafunta duk shatar bulala ne, sabo a kan tsoho, ga wani yanka a gefen fuskarta wanda matar da ke riƙonta ta yi mata da almakashi. Da aka ba ta dama ta yi magana a gaban alƙali Abraham Lawrence, sai ta ce ba ta san shekarunta ba, kusan kullum sai an doke ta, a ƙasa take kwana bisa guntun kafet, ba a barinta ta fita wasa da yara, kuma ba ta tuna ranar da aka taɓa ɗora ta a cinya aka rarrashe ta ba. Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne, hukumar agajin birnin ce da kanta ta ba da ita riƙo a gidan tun tana wajen shekara biyu, bisa sharaɗin za a riƙa kawo rahoton halin da take ciki duk shekara. Ba wanda ya bi sawun sharaɗin.

Wadda ta gano ta ita ce Etta Wheeler, wata mai aikin mishan da ke zagaya gidajen talakawan unguwar. Watanni ta yi tana sintiri tsakanin 'yan sanda da ƙungiyoyin agaji, kowa na ce mata ba shi da hurumin shiga tsakanin yaro da mai riƙonsa. Daga ƙarshe ta je wurin Henry Bergh, wanda ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1866, shi kuma ya sa lauya Elbridge Gerry ya shigar da ƙara. An sha yaɗa cewa da dokar kare dabbobi aka ceci yarinyar, amma ba haka aka yi ba. Gerry ya dogara ne da tsohuwar dokar da ke ba alƙali ikon sa a kawo masa duk wanda ake tsare da shi ba bisa ƙa'ida ba. An ɗaure matar, Mary Connolly, shekara guda. A nan ne kuma gazawar kotu ta fito fili, domin ta san yadda za ta hukunta azzaluma, amma ta rasa yadda za ta yi da wadda aka zalunta. Sai aka kai Mary Ellen wani gida da ake ajiye 'yan matan da suka girme ta. Etta Wheeler ce ta koma ta roƙi alƙali ya ba ta ita, ta kai ta ƙauye kusa da Rochester wurin mahaifiyarta, daga baya 'yar'uwarta ta ci gaba da riƙon. Yarinyar ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta rasu a 1956 tana da shekara 92. Nacin mace guda ne ya sama mata wannan rayuwa, tsarin kotu bai tanadar mata komai ba.

Sama da shekara ɗari da hamsin ke nan kotunan Amurka na fama da tambayar da wannan shari'a ta bari: idan an raba yaro da hannun da ke cutar da shi, wa zai yanke makomarsa, da wace hujja, kuma cikin kwana nawa? A ganina amsar da tarihinsu ya bayar guda ɗaya ce, ko da yake sun biya ta da tsada. Tausayi ba shi ne abin da kotu ta rasa ba, don tun farko cike take da masu kyakkyawar niyya, kuma da kyakkyawar niyyar aka aikata mafi yawan ɓarnar. Duk wani gyara na haƙiƙa ya zo ne lokacin da aka ɗaure hannun alƙali da ƙa'ida: a samu mai magana da yawun yaro shi kaɗai, a kawo hujja mai ƙarfi kafin a raba ɗa da iyayensa, sannan a sa wa'adin da ba a tsallakewa.

Kafin a kai ga wannan fahimta, tunanin da ke mulki shi ne wanda Amurkawa suka gada daga dokar Ingila, cewa hukuma uwa ce kuma uba ga duk yaron da iyayensa suka gaza. Magana ce mai daɗin ji, sai dai ba ta da linzami. A 1825 aka buɗe gidan gyaran hali na farko a Niyok, inda ake haɗa ɓarawon yaro da maraya da ɗan talaka a ɗaki ɗaya. A 1839 wani uba ya nemi kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta sako 'yarsa Mary Ann Crouse daga irin wannan gida, yana cewa an tsare ta ba tare da shari'a ba. Kotu ta ƙi, bisa dalilin cewa gidan makaranta ne ba kurkuku ba, saboda haka babu buƙatar shari'a. Daga 1854 kuma wani malamin coci, Charles Loring Brace, ya fara kwashe yaran titin Niyok a jirgin ƙasa zuwa gonakin yammacin ƙasar. A tasha ko a zauren gari ake jera su, manoma su zo su duba su zaɓa. Kafin a daina a 1929 an kai yara kimanin 200,000 ko fiye, kuma da yawansu ba marayu ba ne, iyayensu na raye, talauci ne kawai laifinsu. Wasu sun dace da gidajen kirki, wasu sun zama 'yan ƙwadagon da ba a biya, kuma ba wani alƙali da ya zauna ya auna wanne ne wanne.

Kotun yara ta farko a ƙasar ta fara aiki a Shikago a watan Yulin 1899, bayan fafutukar mata irin su Lucy Flower da Julia Lathrop, waɗanda suka ga yadda ake kulle ƙananan yara tare da manyan masu laifi. Dokar ta haɗa yaran da suka yi laifi da waɗanda aka yi watsi da su a ƙarƙashin alƙali ɗaya. Ci gaba ne babba, kuma kafin 1925 duk jihohin ƙasar, ban da biyu, sun kafa irinta. Amma a kan me aka gina ta? A kan halin alƙali. Ɗaya daga alƙalanta na farko, Julian Mack, ya siffanta yadda ake so ta kasance a wata maƙala ta 1909: alƙali ya sauko daga karagarsa ya zauna a tebur, yaro na gefensa, inda zai iya dafa kafaɗarsa ya jawo shi kusa kamar uba. Tun da uba ne ke magana da ɗansa, sai aka ga ba a buƙatar lauya, ba a buƙatar rantsar da shaida, ba a buƙatar rubuta abin da aka faɗa, balle ɗaukaka ƙara. A wannan shekarar ta 1909 taron da shugaba Theodore Roosevelt ya kira a fadarsa ya yi matsaya cewa kada a raba yaro da iyayensa saboda talauci kawai. Shawara ce ta gari, amma ba doka ba ce, kuma kotun da ba ta rubuta dalilinta ba wanda zai iya kama ta da saɓa wa shawara.

Abin da wannan 'yancin ya haifar ya fito a wurare biyu da ba su da musu. Na farko shi ne shari'ar Gerald Gault, yaro ɗan shekara 15 a jihar Arizona, wanda aka kama a 1964 bisa zargin ya buga wa wata maƙwabciya waya ya yi mata batsa. Ba a sanar da iyayensa lokacin kamun ba, matar ba ta taɓa zuwa kotu ba, ba lauya, ba rubutaccen bayani. Alƙali ya tura shi gidan gyaran hali har ya cika shekara 21, wato shekara shida, alhali da babba ne ya yi laifin, tarar da ba ta wuce dala 50 ba ce ko ɗaurin da bai wuce wata biyu ba. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, ta ce yarinta ba ta halatta shari'ar je-ka-na-yi-ka ba. Shari'ar laifi ce, ba ta cin zarafi ba, amma ta rusa ginshiƙin da dukkan kotun ke tsaye a kai. Na biyu kuma shi ne abin da ya sami ƙabilun asali na ƙasar. Binciken da aka gabatar wa majalisar dokoki a shekarun 1970 ya nuna cewa kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na 'ya'yansu an raba su da gidajensu, kuma mafi yawansu an kai su hannun waɗanda ba ƙabilarsu ba. Sau da yawa abin da jami'i ya rubuta da sunan sakaci bai wuce uwa ta bar ɗanta wurin kaka ko goggo ba, abin da a wurinsu tarbiyya ce ta yau da kullum. Jami'an ba su ɗauki kansu azzalumai ba, ceto suke ganin suna yi. Garin gyaran gira aka rasa ido.

A daidai wannan lokaci likitoci suka buɗe wata ƙofa da ta cika kotu da ƙararraki. Tun a 1946 wani masanin hoton ƙashi, John Caffey, ya lura da jariran da ake kawowa da taruwar jini a kai tare da karaya a ƙasusuwa, wasu sun warke wasu sababbi, ba tare da bayanin da ya gamsar ba. A 1962 likitan yara C. Henry Kempe da abokan aikinsa suka fito suka kira abin da sunansa, cewa duka ne, kuma a gida ake yinsa. Sun tambayi asibitoci 71, suka samu yara 302 a shekara guda, 33 sun mutu, 85 sun samu lahanin ƙwaƙwalwa na har abada. Kafin ƙarshen 1967 kowace jiha ta yi dokar kai rahoton yaron da ake zargin an ci zarafinsa. Rahotanni suka yi ta kwarara, kotu kuwa tana nan yadda take. A nan aka kafa ƙa'ida ta farko. Dokar tarayya ta 1974, wadda sanata Walter Mondale ya jagoranta, ta sharɗanta wa duk jihar da ke son kuɗin tarayya ta naɗa wa kowane yaro wakili na musamman a shari'ar cin zarafi ko sakaci. Dalilin a bayyane yake: iyaye suna kare kansu, hukuma tana kare matakin da ta ɗauka, yaron da ake shari'ar dominsa shi kaɗai ne ba shi da baki. A 1977 wani alƙali a Seattle, David Soukup, ya ga yana yanke makomar yara da bayanin da bai taka kara ya karya ba, sai ya nemi mutanen gari su sa kai a horar da su. Kowanne ya ɗauki yaro ɗaya ko 'yan gida ɗaya, ya je gidan, ya je makaranta, ya gana da likita, ya dawo ya faɗa wa kotu abin da idonsa ya gani. Wannan tsari, da ake kira CASA, ya bazu kusan ko'ina a ƙasar.

Jin ta bakin yaro ma sai da aka koyi yadda ake yi, kuma da kuskure aka koya. A 1983 aka zargi ma'aikatan makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya da lalata da yara. Masu bincike suka yi ta yi wa ɗaruruwan yara tambayoyin da ke ɗauke da amsarsu, suna yabon wanda ya ce an yi, suna matsa wa wanda ya ce ba a yi ba. Shekara bakwai aka yi, aka kashe kimanin dala miliyan 15, ɗaya daga waɗanda ake tuhuma ya yi shekara biyar a tsare, aka tashi a 1990 ba a samu kowa da laifi ba. A ɗaya gefen kuma, yaron da aka ci zarafinsa da gaske yakan maimaita labarin ga ɗan sanda, ga jami'in walwala, ga likita, ga mai gabatar da ƙara, kowace maimaitawa fami ce, har ya gaji ya ce ba a yi komai ba. A 1985 mai gabatar da ƙara na Huntsville a jihar Alabama, Bud Cramer, ya buɗe wata cibiya a cikin gida irin na zama. Mutum ɗaya da aka horar shi ke zama da yaron a ɗaki mai ƙananan kujeru, yana tambaya ba tare da sa masa magana a baki ba, sauran jami'ai na kallo daga wani ɗakin. A 1990 Kotun Ƙoli ta yarda yaro ya ba da shaida ta na'urar bidiyo idan alƙali ya tabbatar ganin wanda ake tuhuma zai firgita shi. Tambaya mai ƙa'ida tana kare yaro, tana kuma kare wanda aka yi wa ƙazafi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta hujja. Dokar kare 'ya'yan ƙabilun asali ta 1978 ta ce ba za a yanke alaƙar ɗa da iyayensa ba sai da hujjar da babu shakka a cikinta, kuma idan dole ne a ba da shi riƙo, dangi ne farko, sannan 'yan ƙabilarsa. Dokar 1980 ta wajabta wa alƙali ya tabbatar hukuma ta yi iya ƙoƙarinta na taimaka wa gida kafin ta ɗauke yaro, da kuma na mayar da shi bayan ta ɗauke. A 1982, a shari'ar Santosky, Kotun Ƙoli ta duba dokar Niyok da ke ba da damar ƙwace ɗa har abada da ɗan rinjayen hujja irin wanda ake yanke shari'ar bashi da shi. Alƙalai biyar cikin tara suka ce bai isa ba, sai da hujja bayyananniya mai gamsarwa. Dalilin da suka bayar ya cancanci a riƙe shi: hukuma tana da kuɗi da ƙwararru da takardu, iyayen kuwa galibi talakawa ne marasa ilimi mai zurfi, kuma idan hukuma ta faɗi za ta iya sake shigar da ƙara, amma uwar da ta faɗi ta rasa ɗanta ke nan. Sai dai kotun ta bar giɓi, domin shekara guda kafin nan, a shari'ar Lassiter, ta ce ba dole ba ne a ba kowane talaka lauya kyauta a irin wannan shari'a, ko da yake jihohi da yawa sun wajabta hakan da dokokinsu.

Ƙa'ida ta uku, wadda na fi ganin nauyinta, ita ce ta lokaci. A ƙarshen shekarun 1970 yara wajen rabin miliyan ne ke gidajen riƙo, da yawansu ana ta yawo da su daga wannan gida zuwa wancan, ba a mayar da su ga iyaye ba, ba a sama musu gida na dindindin ba. A 1973 masana uku, Joseph Goldstein da Anna Freud da Albert Solnit, suka ja hankalin alƙalai ga abin da kowace uwa ta sani, cewa agogon yaro daban yake da na babba. Ɗage shari'a wata shida ga lauya rubutu ne a kalanda, ga ɗan shekara biyu kuwa rubu'in rayuwarsa ne, ya isa ya manta fuskar uwarsa ya shaƙu da wata. A 1993 majalisa ta ware kuɗi don kowace jiha ta binciki kotunanta, kuma abin da aka gano abin kunya ne: a kira ƙararraki da yawa a sa'a ɗaya, iyalai su wuni a baranda, a saurari kowace cikin 'yan mintuna, a ɗage, ranar dawowa a tarar da sabon alƙalin da bai san komai a kan yaron ba. A 1995 ƙungiyar alƙalan kotunan yara da iyali ta ƙasar ta fitar da kundin jagora, tana koyi da kotuna irin ta Cincinnati. Abubuwan da ke ciki ƙanana ne a ido: alƙali ɗaya ya riƙe shari'ar iyali ɗaya daga farko har ƙarshe, kowace ƙara a ba ta sa'arta, zaman farko bayan ɗauke yaro a ba shi minti 60 cur, kada a ɗage sai da dalili mai ƙarfi, kuma kafin a tashi a miƙa wa kowa umarnin kotu a rubuce tare da ranar dawowa. Dokar 1997 ta ƙara da wa'adi: cikin wata 12 a zauna a yanke inda yaro zai dawwama, kuma idan ya yi wata 15 cikin 22 na baya a riƙo, hukuma ta nemi a yanke alaƙarsa da iyaye, sai in akwai togaciya. Yaran da ke riƙo sun kai 567,000 a 1999, suka sauko ƙasa da 400,000 a 2012.

Akwai masu suka, kuma ba maganar banza suke yi ba. Mafi ƙarfinsu su ne masu cewa wa'adin ya zama takobi a wuyan talaka. Wajen kashi uku cikin huɗu na yaran da hukuma ke tabbatar an cutar da su, sakaci ne aka rubuta musu, ba duka ko lalata ba, kuma tsakanin sakaci da talauci zare ne siriri: rashin abinci, rashin muhalli, barin yaro shi kaɗai don a je aiki. Farfesa Dorothy Roberts ta nuna a farkon shekarun 2000 cewa 'ya'yan baƙar fata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na yaran ƙasar ba, amma sun haura kashi biyu cikin biyar na masu zaman riƙo. Uwar da ke jiran gurbi a asibitin masu shaye-shaye, ko wadda ke kurkuku, wata 15 na iya cika mata kafin a fara taimakonta. An kuma samu yaran da aka yanke su daga iyayensu amma ba wanda ya ɗauke su, suka zama marayun takarda. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka duba da kyau, cutar ta zo ne daga riƙe ƙa'ida ɗaya a saki sauran. Dokar 1997 da kanta ta ce wa'adin ba ya aiki idan yaro na hannun dangi, ko idan hukuma ba ta ba da taimakon da ya kamata ba. Inda alƙali ya mai da binciken ƙoƙarin hukuma ya zama sa hannu a takarda kawai, nan ne agogo ke cin talaka. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan birnin Niyok ya nuna cewa inda aka ba iyaye lauya tare da jami'in walwala da mai ba su shawara, 'ya'yansu sun rage kwana 118 a riƙo, kuma ba a ga ƙarin cutarwa ba bayan sun koma gida. Ashe maganin ƙa'idar da ta gurgunce shi ne a cika ta. Soke wa'adi zai mayar da yara yawon gidajen riƙo na da.

Wasu kuma suna cewa lauyoyi da takardu da mizanin hujja sun mai da kotun yara wuri mai ban tsoro, sun kori tausayin da aka kafa ta dominsa. Amsar ita ce, ƙa'idojin nan manya suke ɗaurewa, ba yaro ba. Jami'i ne ake tilasta wa ya kawo hujja, alƙali ne ake tilasta wa ya rubuta dalili, lauya ne ake hana neman ɗagewa. Yaro kuwa shi ke samun ɗaki mai natsuwa, da mutum ɗaya da ya san sunansa da makarantarsa, da alƙalin da ya gan shi bara ya kuma gan shi bana. Alƙali mai tausayi bai rasa komai ba da aka ce ya bi ƙa'ida. Wanda ya rasa shi ne mai gaggawa da mai son zuciya, kuma ba a gina kotu bisa fatan kowane alƙali zai zama waliyyi.

Suka ta uku ita ce za ta fi zama a zuciyar mai karatu Bahaushe: me ya kai kotu cikin sha'anin gida, alhali ga kakanni da baffanni da kawunnai? Naka sai naka, in ji masu iya magana, kuma tarihin Amurka ya gaskata rabin wannan magana. Bayan shekaru ana kai yara hannun bare, dokar 2008 ta wajabta wa hukuma ta nemo dangin yaro ta sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke shi, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar 1978 mai fifita dangi. Abin da suka gano a makare malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tsara shi a babin reno, inda suka jera masu haƙƙi daga uwa zuwa kaka ta wajen uwa zuwa 'yar'uwar uwa da sauransu. Amma malaman ba su tsaya a jerin ba, sun sa sharuɗɗa irin su hankali da amana da iya kula da yaro, suka bar wa alƙali ya duba idan an yi jayayya. Wannan shi ne ɗaya rabin maganar. Mafi yawan masu cutar da yara na cikin gida ne, kuma dangi kan rufe don gudun abin kunya. Mary Ellen ma 'yar riƙo ce, a cikin gida aka azabtar da ita, maƙwabta na jin kukanta ta bango. Dangi su ne wuri na farko da ya kamata kotu ta duba, amma dole a samu ƙofar da za a buga ranar da gida ya zama shi ne wurin cuta.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta kuma yi dokar haƙƙin yara a 2003, wadda ta tanadi kotun iyali a matakin majistare da na babbar kotu, da sauraron ƙara ba a bainar jama'a ba, da naɗa wa yaro wakili. Jihohin Arewa da dama sun yi nasu dokokin kare yara a shekarun baya-bayan nan. Rubuta doka shi ne mai sauƙi. Amurka ta kafa kotun yara a 1899, amma sai da ta yi kusan shekara ɗari kafin ta yarda cewa alƙali ɗaya ya riƙe shari'ar yaro ɗaya, ya ba ta sa'a guda, ya daina ɗagewa. Ba dole ba ne mu biya kuɗin makarantar da wasu suka riga suka biya da rayuwar 'ya'yansu.

Saboda haka kira nake ga alƙalanmu, na majistare da na kotunan shari'ar Musulunci, da manyan jojin jihohi da 'yan majalisa: duk shari'ar da ta shafi yaron da aka ci zarafinsa ko aka yi watsi da shi, a naɗa masa mai magana da yawunsa tun zaman farko, a tambaye shi sau ɗaya ta hannun wanda ya iya, kada a raba shi da gidansu don talauci kawai, a nemo danginsa kafin a nemi bare, a kuma sa ranar gamawa a tsaya a kanta. Kai kuma mai karatu, idan kukan yaro ya yawaita a bayan katangarka, kada ka ce ba ruwanka. Ɗa na kowa ne, kuma shari'ar da ta ceci Mary Ellen ta faro ne daga maƙwabtan da suka ƙi yin shiru.